Ranar da Aka Ɗaga wa Hajiya Gatari

A ƙauyenmu, can bayan Mahdiya, idan aka ce Hajiya ba a haɗa da wani suna ba, to ba mutum ake nufi ba. Tsohuwar bishiyar zaitun ce da ke tsakiyar gonar Shadliya. Ta samu sunan ne saboda sandar da kakan mijin Shadliya ya dogara har Makka daga reshenta aka yanko, mutanenmu kuwa suka yanke cewa tunda reshe ya je, uwar ma ta je. Gindinta sai mutum uku sun haɗa hannu suke zagaye shi, ga kogo a ciki, ga ƙulle-ƙulle a jiki kamar gwiwar tsoho. Laifinta ɗaya ne, ta daina haihuwa. An daɗe rabon da a tsinki abin da zai rufe gindin kwando a jikinta, sai ganye da inuwa da girman kai.

Shadliya gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, muryarta kuwa in ta kira tumaki daga gona har na maƙwabta sai sun amsa. Da mijinta ya rasu, ɗansu Lamjad ya dawo daga Susa inda ya yi karatun noma, ya karɓi gonar. Ranar farko ya hana takin zamani, ya hana feshi. Ya saki tumaki suna kiwo tsakanin bishiyoyi suna biyan kuɗin ciyawa da kashinsu, ya shuka wake a tsakanin layuka, ya rataya kwalabe da ruwan kifi don su kama ƙudan zaitun. Kwalaben nan sun kama ƙuda, ba a musu, amma sun kuma tara mana duk kyanwoyin ƙauye a kan rassa suna kallon mutane. Shadliya takan ce an tura yaro birni da takalmi ya koyo abin da kakarsa ke yi ƙafa ba takalmi. A gabansa take faɗin haka. A bayansa kuwa, duk wanda ya shigo gidan sai ta tsoma masa burodin tabuna, wato na tanderu, a sabon man zaitun ta tsaya a kansa har ya yaba, domin gaskiya yaron ya san aikinsa, man ya yi ƙamshi ya yi ɗan yaji a maƙogwaro yadda ake so.

Bishiyoyi duk suka amsa, ban da Hajiya. Lamjad kuma ba ya ko son bi ta gindinta, in hanya ta kai shi can sai ya zagaye. Wata rana ana cin kuskus ya ajiye cokali ya ce ya samo mata mafita. Akwai wani mai otal a bakin teku da ke tara tsofaffin bishiyoyi yana dasawa a ƙofar shiga. Za a zo da katafila a haƙo ta da saiwoyinta, a kai ta inda za a riƙa ba ta ruwa da mesa, a kunna mata fitilu ta ƙasa. A gurbinta kuma ya dasa ƙanana masu haihuwa, tunda ruwan da take sha ita kaɗai zai ishe su.

Shadliya ma ta ajiye nata cokalin. A ranta ta hango Hajiya tsaye a ƙofar otal, baƙi masu gajeren wando suna jingina da ita ana ɗaukarsu hoto, sai abincin ya fita ranta. A ƙarƙashin bishiyar nan aka sauke ta ranar da aka kawo ta amarya, a nan ta koyi sa ƙahon rago a yatsu tana tsefe 'ya'yan zaitun daga rassa. Ta san gardama da Lamjad ba ta kai mutum ko'ina, zai fito da waya ya nuna maka hotuna har ka gaji. Abin da zai hana katafila zuwa ɗaya ne, Hajiya ta yi fure a bazarar nan.

To, muna da hanyar da ake bi da bishiya mai taurin kai, sai dai an daɗe ba a yi ba, tun kafin a haifi Lamjad. Mutum zai ɗauki gatari ya nufe ta a fusace, ya zage ta tas, ya rantse yau sai ta zama gawayi. Sai wani ya fito kamar wucewa yake yi, ya riƙe hannunsa, ya roƙa a bar ta shekara ɗaya, ya ce shi ya tsaya mata. Sharaɗin shi ne bishiyar ta yarda da gaske ake yi. Dariya tana ɓata komai. Gatari kuma in an ɗaga shi ba a sauke shi sai mai ceto ya zo, in ba haka ba ta gane barazana ce, ba za ta ƙara jin tsoron kowa ba, za ta kuma gaya wa sauran. Wanda ya tsaya mata shi zai haƙa mata kewaye mai tare ruwan sama, ya yi ta jigilar takin tumaki, ya rage mata rassa har iska ta riƙa ratsawa, don kada ta kunyata shi a idon gari. Wasu suna cewa tsoro ne ke sa ta haihuwa, wasu suna cewa takin ne. Ni dai ba na shiga wannan gardama, na ga ta raba abokai.

Namijin da Shadliya za ta iya amince wa da asiri shi ne ƙaninta Farjani, kuma a nan matsalar take. Farjani mutumin kirki ne, amma Allah ya jarrabe shi da dariya. An taɓa fitar da shi daga sahun Juma'a don liman ya yi atishawa mai kama da kukan agwagwa. In ta kama shi ba ya iya tsayuwa, sai ya durƙushe yana dukan ƙasa yana neman a cece shi.

Suka yi gwaji a ɗakin girki, ƙofa da taga a rufe, domin Shadliya ta ce bishiyoyin tsakar gida ma 'yan gulma ne. Aka ɗaura wa tukunyar gas koren ɗankwali ta zama Hajiya. Da farko Farjani aka ba gatari. Ya ɗaga, ya haɗe gira, ya dubi tukunyar, sai ya ce mata ta yi haƙuri, ba da son ransa ba ne. Shadliya ta ƙwace gatarin ta ce shi ya yi ceton, ko ba komai roƙo ya iya, tunda da shi ya samu matar aure. Suka sake daga farko. Tana buɗe baki ya sulale bayan buhun gari, ita ma ta dake, ta dake, ta kasa, suka zube su biyu kamar yara har shayi ya ƙone a wuta. Rabon Shadliya da dariya irin wannan tun mijinta na da rai, ta kuma ji daɗinta har cikin ƙashi. Daga ƙarshe suka shirya cewa zai laɓe bayan shingen ƙaya, in ya ji ta ce yau sai gawayi, ya fito.

Ta zaɓi safiyar da Lamjad ya ce zai tafi kasuwa a gari. Asirin kuwa ya ɓoyu sosai, domin matan unguwa kawai suka sani, da mazajensu, da mai gidan matsar mai. Kafin ta iso gona sun cika bayan shinge, kowacce ta toshe baki da gefen mayafi, maƙwabciyarta Mabruka a gaba har da kujerar zama. Farjani ya zo cikin farar jabba da jar dara, yana ƙamshin turare kamar mai zuwa ɗaurin aure, yana ta maimaita jawabin da ya tsara.

Shadliya ta ɗaure ƙugu, ta saɓa gatari, ta taho tana huci. Tumaki suka dare. Ta tsaya gaban Hajiya ta dube ta sama da ƙasa.

"Ashe haka kike? Kin ci, kin sha, kin miƙe ƙafa. Dubi 'yan yaran can da aka dasa jiya-jiya, rassansu har ƙasa don kaya. Ke kuwa ko ƙwaya ɗaya da za a jefi kaza da ita babu. Tsuntsu ma ya daina sauka a kanki, ya san gidan rowa. Wai Hajiya. Ke kika je Makkan? Reshenki ne ya je, kika zauna a nan kina karɓar barka da sauka."

Wannan ba ya cikin abin da suka gwada. Ya zo mata ne kawai, ya kuma sami Farjani a daidai inda ba ya da kariya. Ya cusa jar dara a baki, ya juya, ya ranta a na kare zuwa ƙarshen gonar Mabruka don kada bishiya ta ji shi.

Shadliya ba ta san an yi haka ba. Ta ɗaga gatari sama ta ce yau sai gawayi. Shiru. Ta gyara murya ta sake faɗa, yadda na gidan matsar mai ma za su ji. Ba abin da ya motsa sai shingen da ke rawa da kansa, don matan da ke bayansa sun fara shiɗewa. Ta saci kallo ta hango farar jabba can nesa tana birgima a cikin wake.

Haka ta tsaya, gatari a sama, ba damar saukewa. Ta ci gaba da zagi. Ta zagi saiwoyin Hajiya, ta zagi wanda ya dasa ta, ta tuna cikin kakannin mijinta ne ta nemi gafara a zuci ta koma kan ganye. Farjani ya lallaɓo har kusa, fuska jiƙe da hawaye, ya daidaita hula, ya ɗaga ƙafa zai fito. Daidai nan ta ce wa bishiyar ba ta da maraba da wani sakarai mai jar dara da ta sani, ga tsawo ga turare ga rashin amfani. Ya sake komawa cikin wake.

Ta yi wa Mabruka ido ta fito ta yi ceton. Mabruka ta duƙar da kai tana gyaran takalmi. Duk cikinsu babu wadda ba ta son Hajiya, amma babu wadda bayanta ke son jigilar taki shekara guda.

Kafaɗunta suka fara zogi. Wanda ya daɗe yana rantsuwa bai yi komai ba, ko bishiya sai ta raina shi, don haka ta juya gatarin ta buga da ƙeyarsa. Ƙarar ta fito daga kogon, wata kyanwa ta faɗo daga sama ta bi ta tsakanin ƙafafunta. Wata daga bayan shinge ta saki wani irin kuka, aka danne ta. Ita kanta Shadliya dariya ta taso mata har wuya, ta haɗiye ta da ƙyar ta mayar da ita tari. Zagi ya ƙare mata, ta koma karanto wa bishiyar laifuffukan surukarta marigayiya.

A cikin wannan hali ne mota ta tsaya a bakin gona. Lamjad ya fito, tare da wani mutum mai baƙin tabarau da igiyar awo a hannu. Ashe ba kasuwa ya je ba, mai otal ya ɗauko ya zo ya auna gindin bishiya. Abin da Lamjad ya gani shi ne uwarsa, ɗankwali ya zame, gumi na zuba, tana tsaye da gatari a kan Hajiya. Ya zubar da makullin mota ya sheƙo da gudu yana tsallake tumaki.

Shadliya ta yi murna a ranta. Ba wanda ta shirya ba ne, amma ga mai ceto na zuwa a guje, kuma ko Hajiya ba za ta ce wannan gudun na wasa ba ne. Ta ƙara ɗaga gatarin, ta haɗe rai iya ƙarfinta.

Ya iso yana haki. "Ummi, me kike yi haka? Mutumin nan lafiyayya yake son ta. In kika ji mata ciwo ba zai ɗauka ba."

Dariyar da ke wuyanta ta mutu nan take. Bayan shinge ma aka yi tsit. Ta dubi ɗanta, ta dubi mai tabarau da ke tahowa yana warware igiyar awo, ta ji wani baƙin ciki da ba ta gwada shi a ɗakin girki ba. Ta juya kaifin gatari gaba.

"Wannan ne roƙonka?" in ji ta.

Ta sara. Ba da wasa ba. Gatarin ya shiga, ɓawo ya yi tsalle, farin itace ya bayyana yana danshi. Ta fizge shi ta sake ɗagawa.

Lamjad bai kama hannunta ba. Tsakaninsu ya shiga, ya ba ta baya, ya rungume gindin bishiyar da hannu biyu, kuncinsa a kan ɓawo. Da ya yi magana muryarsa ta koma ta yaron da ta sani.

"Kada ki sake, Ummi. Don Allah. A cikin kogon nan nake ɓuya in Baba ya biyo ni da takalmi, ya san ina ciki, sai ya zauna a nan ya yi ta tambayar bishiya ko ta gan ni har fushinsa ya huce. Ba don ruwa nake so a ɗauke ta ba. Ba na iya kallonta ne tana ƙarewa kaɗan-kaɗan a gabana. Na kalli Baba haka, ya ishe ni."

"Ba ta haihuwa," in ji Shadliya. Ba ta sauke gatarin ba.

"Ki bar mini ita. Ban taɓa kula da ita yadda ya kamata ba, gudunta nake yi. Ki ba ni shekarar nan. In ba ta yi ba, ni za ki kama."

Mabruka ce ta fara rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka. Shinge ya amayo mata ta kowace kafa, wasu da ƙaya a mayafi, suna tafi suna faɗawa jikin juna. Shadliya ta sauke gatarin a hankali, hannuwan sun ƙi miƙewa, sai da aka ɓamɓare yatsunta daga ƙota. Farjani ya iso a ƙarshe, jabba ta zama koriya, yana ƙorafi tsakanin shessheƙa cewa an sace masa jawabi, kuma nasa ya fi tsari, akwai ma addu'a a ƙarshe.

Lamjad ya saki bishiyar ya juyo yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya. A hankali labarin gatari da mai ceto da kakarsa ta taɓa ba shi ya dawo masa, kunnuwansa suka yi ja. Ya ce wato wasa aka yi da hankalinsa. Kawunsa ya rantse ba da shi aka shirya ba, shi ne ya jefa kansa, kuma yanzu ya faɗa a gaban shaidu, taki yana bayan garke, shebur yana jingine da rijiya. Mai tabarau ya tambaya ko har yanzu ana maganar awo. Mabruka ta kama hannunsa ta ce ya zo ya sha shayi tukuna, matan suka kewaye shi suka tafi da shi kamar an kama ɓarawon kaza, Farjani na biye yana yi masa bayanin al'ada yana tsayawa yana riƙe ciki.

Aka bar uwa da ɗa. Lamjad ya dubi saran. Ya je bakin rijiya ya kwaɓa laka da ɗanyen kashin tumaki, ya dawo da ita a tafin hannu, ya durƙusa da wandon zuwa gari ya shiga cike saran yana shafewa da babban yatsa. Shadliya ta zauna a kan saiwa tana murza kafaɗa. Ta ga zurfin ciwon, ta ji kunya, ta kuma ji wani daɗi da ya sa ƙwalla ta cika mata ido, domin ba ta taɓa ganin hannunsa a jikin bishiyar nan ba tun da aka yi jana'izar ubansa.

Can ya ce, bai ɗago ba, "Saran nan ba na wasa ba ne, Ummi."

Ta ce ba na wasa ba ne.

"Da na tsaya ina kallo fa?"

Ta dubi bayan wuyansa.

"Da na kai ta ƙasa, ɗana. In kai ba ka so ta ba, wa zan bar wa ita?"

Ya ci gaba da shafa laka, ko da yake saran ya riga ya cika.